Mai Duba Ya Zo da Rani

Ni ne akawun majalisa a ƙauyenmu,
tafiyar rabin yini daga Gadarif in ƙasa ta bushe,
in an yi ruwa kuwa, sai yadda Allah ya yi.
Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da littafin nan
mai koren bango, wanda ɓera ya ci wa kusurwa.

Mai duba ya zo da rani.
Kullum da rani suke zuwa,
sa'ad da baƙar laka ta tsage kamar faso a diddige,
kowace mota na wucewa ba gardama.
Ustaz Mu'utasim, mutum mai ladabi.
Ya sha shayin Hajja Batulu har kofi biyu,
ya ce ya fi na Khartum.

Sai ya warware taswira a kan tebur.
Muka danne ta da kofuna, da hatimi, da dutse.
Ga ƙauyenmu, ɗigo kamar kashin ƙuda.
Jan layi, hanya. Shuɗi, rafi.
Ga gada, an zagaye ta da biro.

"An gina?"
An gina, ranka ya daɗe.
"Bisa tsari?"
Ko taƙi ba a kauce ba.

Muka tafi ya gani da idonsa.
Tana nan tsaye, siminti fari fat,
awaki kwance a inuwarta suna tuƙa.
Ruwa bai taɓa bi ta ƙarƙashinta ba.
Rafin ya tashi daga nan
tun shekarar da aka haifi 'yata Ramla,
ya koma gabas, bayan gonar riɗin Jibo Mai Tarakta.
Ramla yanzu tana goyon na biyu.
Taswirar ta girme ta.

Mun rubuta fa. Na buɗe masa shafin.
Wasiƙa uku, da hannuna, da hatimin shugaba Ɗahiru.
Ta farko aka ce ta isa.
Ta biyu aka amsa: sauya wuri sai da izini daga sama,
kuɗin kuma, in shekara ta ƙare ba a taɓa ba, komawa za su yi.
Ta uku har yau tana hanya.
Majalisa ta zauna, mutum tara,
wani ya ce da babu gara ba daɗi.
Bakwai da biyu. Ni na rubuta.

Ban gaya masa yadda Saudatu ungozoma
ke ƙetarewa da dare a kan jarkoki huɗu da ƙyauren ɗaki ba,
jakarta a ka, tocila a baki.
Bai tambaya ba, ni kuma akawu ne.

Ya ja igiyar awo, yaro ya riƙe masa baki ɗaya.
Tsawo daidai. Faɗi daidai.
Takardarsa gida biyu gare ta:
an kammala, ba a kammala ba.
Babu gidan rafin da ya yi ƙaura.
Ya daɗe biro na rataye a sama,
gumi na bin wuyan rigarsa,
sannan ya sa alama a gidan farko.
A gefe, da fensir, ya ƙara wani abu ƙanana ƙanana,
ban iya karantowa daga inda nake ba.

"To, ina rafin yake yanzu?"
Muka kai shi. Yashi ne kawai, da sawun jakuna.
Jibo ya dogara da sandarsa, ya ce,
"Ustaz, ka dawo a Agusta, ya gaishe ka da kansa."
Ya ce, "A Agusta ai ba hanyar zuwa nan."

Aka yi shiru.
Sai Jibo ya fashe da dariya, muka bi,
shi ma ya bi, yana share tabarau da gefen riga.

Motarsa ta tafi kafin la'asar.
Na sa kwafin rahoto a akwatin ƙarfe, saman na bara.
Jiya hadari ya fara haɗuwa ta wajen Habasha,
awaki sun bar gada sun dawo gida da wuri.
Na fere fensir, na jawo fitila kusa.
Bayan gaisuwa mai yawa,
wannan ita ce ta huɗu.